Kafin Ka Ce Katin Sauti Ya Ƙone

Yawancin kwamfutocin tebur da ake kawo mini da koken sun daina fitar da sauti lafiyarsu ƙalau. Mai kwamfuta zai ɗaure ta a bayan babur tun daga Roni ko Gwiwa, ko ya biya mata kujera a mota daga Babura, ya iso Kazaure yana cewa, "Injiniya, katin sautinta ne ya ƙone." Da an bincika sai a tarar waya ce aka soka a ramin da ba nata ba, ko wani saiti ne ya sauya. Kuɗin mota ya tafi, yini ya tafi, wani lokacin ma jijjigar hanya ta haifar da larurar da ba a baro gida da ita ba. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda kafin su iso wurina an riga an yi wa kwamfutar fomat: aikin ɗalibi na ƙarshen karatu, hotunan ɗaurin aure, karatun tafsirin da aka shekara ana tarawa, duk an share, sautin kuma bai dawo ba.

Yankinmu ba baƙon kwamfuta ba ne. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga makarantar Informatics a nan Kazaure, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ɗalibai na sauraron darasi, masallatai na naɗar karatu, masu ɗakin ɗaukar waƙa da masu kiɗan biki da sauti suke ci. Saboda haka sanin yadda ake bin sawun sauti ya kamata ya fita daga shagon masu gyara ya shiga hannun masu kwamfutar.

Sauti hanya yake bi. Daga manhajar da ke kunna shi ya wuce Windows, daga nan zuwa direba, wato ƙaramar manhajar da ke sada Windows da na'urar sauti, sai ɗan guntun da ke kan madabod, wato babban faifan cikin kwamfuta, sai rami, sai waya, sannan sifika. Idan famfon gida ya ƙi kawo ruwa, ai kan famfon ake fara murɗawa, ba tone bututu ba. Haka nan ake farawa daga inda kunne yake, a riƙa matsawa ciki.

Gwada sifikar a jikin wayar hannu, ko ka cire ta ka soka abin sauraro na kunne wanda ka tabbatar yana aiki. Wannan gwajin kaɗai yana raba gardama gida biyu: ko laifin na waje ne, ko na ciki. Ƙananan sifikun tebur da yawa wayoyi biyu gare su, ɗaya ta sauti, ɗaya ta USB da suke shan wuta da ita, kuma sau da yawa ta wutar ce ta zare. Sannan ka leƙa bayan kwamfutar da fitila. Tun ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera kwamfuta suka daidaita a kan launuka: kore na fitar sauti, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigo da sauti daga wata na'ura. Wanda ya laluba a duhu ya soka sifika a shuɗi ba zai ji komai ba ko da ya ƙure ƙara. Lokacin hunturu kuma ƙura na taruwa a cikin ramin har ta hana bakin wayar shiga sosai, sai a ji sauti a kunne ɗaya, ko kiɗa ya fito muryar mawaƙi ta ɓace. A kashe kwamfutar, a zare wuta, a busa ramin da abin busa ƙura ko a share da busasshen burushi mai laushi. Kada a zura allura ko tsinken ƙarfe.

Wurin da ya fi ruɗa mutane a 'yan shekarun nan shi ne allo. Tsohuwar wayar VGA, mai kai shuɗi da kusoshi biyu, hoto kaɗai take ɗauka. HDMI da DisplayPort kuwa suna ɗaukar hoto da sauti a tare. Da zarar ka sauya allo ka haɗa da ɗayansu, Windows na iya karkatar da sautin zuwa allon, ko da allon ba shi da sifika ko ɗaya. Kwamfuta na ta aika sauti, amma ga wanda ba shi da bakin faɗa. Wani mai shagon buga takardu ya taɓa kawo mini tasa a kan wannan, ya ce tun ranar da ya sayi sabon allo sautin ya mutu, kuma an ce masa sai an sauya madabod. Na ce, "Alhaji, zauna ka gani da idonka." Na danna alamar sifikar da ke kusa da agogo a ƙasan allo, jerin na'urorin fitar sauti ya bayyana, na ɗauke zaɓin daga sunan allon na mayar kan Speakers. Nan take karatu ya tashi. Abin da aka nemi ya biya na madabod ya kusa kuɗin wata kwamfutar. Idan jerin bai nuna maka komai sosai ba, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, za ka ga dukkan na'urorin, har waɗanda aka kashe idan ka danna dama ka ce a nuna su. A nan kusa kuma akwai Volume Mixer, inda kowace manhaja ke da nata ma'aunin ƙara. Yana yiwuwa VLC na magana Chrome ya yi shiru, don kawai yaro ya taɓa wani abu.

Sai direba. Mafi yawan kwamfutocin da ke ofisoshinmu da shagunanmu na hannu ne, Dell OptiPlex da HP da Lenovo, waɗanda ake sarowa daga Kano, a sa musu sabuwar Windows a gurguje. Idan ka ga jan kuros a kan alamar sifika, buɗe Device Manager ka duba sashen sauti. Alama mai ruwan ɗorawa da ɗigon motsin rai na nufin Windows ta ga na'urar amma ba ta san yadda za ta yi magana da ita ba. Wannan albishir ne, domin ya nuna guntun yana raye. A jikin kowace Dell akwai lambar da ake kira Service Tag, HP da Lenovo ma suna da lambarsu a kan takardar da aka manna. Da wannan lambar za ka shiga shafin kamfanin ka sauke direban da aka yi wa kwamfutarka. Ina roƙon 'yan'uwana masu gyara mu rage dogaro da tarin direbobin nan da ke yawo a filashi daga shago zuwa shago, waɗanda ba a san wanda ya haɗa su ba. Wasu na shigo da tallace-tallace da ƙwayar cuta, wasu na ɗora direban da bai dace ba. Idan kuma sautin ya ɗauke ne bayan Windows ta sabunta kanta, akwai Roll Back Driver a cikin Device Manager ɗin, wanda ke mayar da na da. Ga masu Windows 7, Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta 14 ga Oktoban 2025 ne, don haka duk wanda ya samu direban da ke yi masa aiki ya adana kwafinsa a wuri na daban.

Idan Device Manager bai nuna na'urar sauti ba kwata-kwata, a leƙa BIOS, wato saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, domin akwai wurin kunna sautin madabod da kashe shi. Kwamfutar da ke mance kwanan wata duk lokacin da aka ɗauke wuta, ɗan batirinta mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, kuma saitin BIOS na iya rikicewa tare da shi. Ramin da ke gaban kwamfuta kuma da wata siririyar waya yake haɗe da madabod, wadda kan zare idan an buɗe kwamfutar ko an sha hanya da ita. In na baya yana yi na gaba ba ya yi, nan za a duba. Madabod na da can tsarin AC'97 na 1997 suke bi, na bayan 2004 kuma HD Audio, kuma idan aka dasa madabod a akwatin da ba nasa ba, sai kwamfutar ta kasa gane an soka wani abu a gaba.

Yanzu ga inda katin sauti ke ƙonewa da gaske, kuma nan nake so limamai da 'yan kwamitin masallaci da masu kayan sauti na biki su tsaya su karanta da kyau. Gidaje da shaguna da yawa a garuruwanmu an ja musu wuta ba tare da wayar ƙasa ba, wadda masu aikin lantarki ke kira atin. Alamar ita ce ka taɓa ƙarfen jikin kwamfuta ka ji yana ɗan cizo. Wannan wutar da ke kwance a jikin akwatin tana neman hanyar fita, kuma idan ka soka wayar amfilifaya alhali duka biyun suna kunne, ta cikin guntun sautin take bi. Za ka ji "ɗas" a lasifika, wata rana daga wannan ƙarar ba za ka sake jin komai ba. Abin ya fi muni idan kwamfuta na kan inbata ko sola, amfilifaya kuma na kan janareto, kowa da tushen wutarsa. Ka'idar ba ta da wuya: a kashe duka kafin a haɗa waya, a kunna kwamfuta da mikisa tukuna, amfilifaya ta zo ƙarshe, in an tashi kashewa kuma ita ce farko. A sa su a layin wuta ɗaya. A kira mai aikin lantarki ya kafa sandar ƙasa yadda ya kamata, kuma kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket.

Kuskure biyu ne na fi gani a lokacin azumi, sa'ad da kowane masallaci ke son naɗar tafsiri. Na farko, a ɗauko waya daga bayan amfilifaya, daga inda lasifikar kan hasumiya ke sha, a kai ta ramin makirfo na kwamfuta. Wannan ƙarfin an yi shi ne don ya tura lasifika, ramin makirfo kuwa sauti mai rauni ƙwarai yake jira, ƙonewa ce kawai. Wurin da ya dace a ɗauko shi ne mafitar da aka rubuta REC OUT ko LINE OUT, a kai ta ramin shuɗi. Na biyu, a haɗa kwamfuta da mikisa ta ramin makirfo mai ƙafa uku alhali an danna maɓallin 48V, wanda ke tura wuta don wasu nau'in makirfo. Kwamfuta ba ta buƙatar wannan wutar, kuma tana iya yi mata illa. A yi amfani da ramin LINE. Gurnanin nan mai kauri da ke bin bayan muryar malam a rikodin kuwa amon wutar lantarki ne, wadda a Nijeriya take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ba alamar katin ya lalace ba ne. Haɗa na'urorin a soket ɗaya, raba wayar sauti da ta wuta, ko sa ɗan akwatin tace gurnani a tsakani, yawanci yana kawar da shi. Abin takaici ne a naɗi karatun wata guda cur, a zo rabawa a tarar rabin maganar malam gurnani ya cinye.

Ta yaya ake tabbatar da cewa ya ƙone? Ni abin da nake yi shi ne in tayar da kwamfutar da Ubuntu, wani madadin Windows, daga filashi, ba tare da na taɓa abin da ke cikinta ba. Idan sauti ya fito a can, laifin Windows ne ko direba, kuma ana gyara shi ba tare da share fayil ko ɗaya ba. Idan can ma shiru, BIOS a kunne, sifika lafiya, to guntun ya tafi. Ko a nan ɗin ma ba a sauya madabod. A kwamfutocin yanzu sautin ɗan guntu ne da aka liƙa a kan madabod, galibi na kamfanin Realtek na Taiwan, ba kati mai zaman kansa irin Sound Blaster na da ba. Akwai ɗan katin sauti na USB, bai fi girman yatsa ba, mai rami kore da ruwan hoda. Ana soka shi Windows ke gane shi da kanta, kuɗinsa kuma kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da madabod. Masu haɗa kwamfuta da amfilifaya kullum ma ina ba su shawara su riƙa bi ta cikinsa tun kafin wani abu ya faru, don in wuta ta yi ɓarna, sau da yawa a kansa take tsayawa.

Idan duk ka gwada waɗannan abin ya gagara, sai ka kawo. Amma ka kwafe muhimman fayilolinka tukuna, ka taho da sifikar da wayoyinta yadda kake amfani da su, kuma ka tuna abin da ya faru daf da ɗaukewar sautin: sabon allo ne, ko dawowar wuta da ƙarfi, ko an ara ta zuwa wurin walima. Duk mai gyaran da ya ce fomat zai yi tun bai soka abin sauraro ya gwada a gabanka ba, ka ce masa ya dakata, ka nemi ya nuna maka abin da Device Manager ya ce.