Yadda za ku goge ƙananan katako su fito kauri ɗaya

Duk ɗalibin sashen zanen gine-gine ya san wannan ciwon kan: an kusa gabatar da furojet, ka yanka katako ashirin na bangon model, ka jera su, sai ka ga kowanne da nasa kaurin. A sikelin 1:50, bangon bulo mai inci 9, wato milimita 225, yana komawa milimita 4.5 ne kacal. Kuskuren milimita 1 a teburinka daidai yake da milimita 50 a ginin gaske. Malami kuwa da ya ɗora rula zai gani, maki ya tafi.

Matsalar ba hannunka ba ce. Ɗan guntun katako ba ya zama wuri ɗaya a ƙarƙashin filen, wato magogin katako na kafintoci, kuma riƙe shi da yatsu neman rauni ne. Maganin shi ne jig: mazaunin da zai riƙe guntun, ya kuma hana filen cin fiye da yadda ake so.

Ga dabarar. Wuƙar filen ba ta kai faɗin gindinsa ba. A filen mai lamba 4, faɗin wuƙar milimita 50 ne, akwai ragowar ƙarfe kaɗan a kowane gefe inda ba ta yanka. Wannan ragowar ce za ta hau kan sanduna biyu, kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Da gindin ya sauka a kansu, yanka ya tsaya da kansa.

Ku nemi falankin filawud mai kaurin milimita 18, tsawonsa santimita 30, wanda bai lanƙwashe ba. Ku samo sanduna biyu na katako mai tauri masu kaurin milimita 5, ku tabbatar da ma'aunin baniya cewa kaurinsu ɗaya. Ku manna su da gam a kan falankin, tsakaninsu milimita 52, don kada wuƙa ta taɓa su. A saman kowace sanda ku ƙara wata siririya daga waje, ta zama shinge, yadda filen zai wuce tsakaninsu ba tare da kauce wa hanya ba. Ku fara auna naku filen ɗin fa, ba duka suke ɗaya ba. Sannan a ƙarshen gaba ku manna ɗan tokari mai kaurin milimita 2 ko 3. Da gam kawai, ban da ƙusa, don ƙusa ɗaya ta isa ta karya bakin wuƙa.

To, yaya za a samu 4.5 daga 5? Takardar fotokofi ta yau da kullum kaurinta kusan milimita 0.1 ne. Ku shimfiɗa huɗu ko biyar a ƙarƙashin guntun. Tunda wuƙar tana ɗan leƙowa ƙasa da gindi, aikin zai ɗan fi lissafinku siranta, don haka ku gwada da ɓarnatacce tukuna, ku auna, ku ƙara takarda ko ku rage.

Wajen gugar, wuƙa ta zama mai kaifi, ta leƙo kaɗan kawai. Ku bi yadda jijiyar katakon ta kwanta. In kun ga yana tsagewa, ku juya shi. Obeche ya fi sauƙin aiki saboda taushinsa. In guntun yana zamewa, ku kama shi da salatif mai manne ciki da waje. Lokacin hunturu kuma ku bar katako ya kwana biyu a ɗaki kafin ku goge, in ba haka ba zai bushe ya murɗe bayan kun gama.

Da kun ji filen ya daina fitar da aski, an kai kauri. Ku cire, ku sa na gaba. Jig ɗaya zai ishi 'yan rukuni guda, ku rubuta kaurinsa a jikinsa ku ajiye a wokshof.