Darasi: Mene Ne Antik?

Antik kalmar Turawa ce. Asalinta daga harshen Latin ne, ma'anarta "na da". Sai abu ya shekara 100 'yan kasuwa ke kiransa antik. Da Hausa, kayan tarihi ke nan.

A Kurmin Mashi, cikin Kaduna, 'yan gwangwan suna bin gida-gida suna sayen tsohon ƙarfe a kan kilo. Ta haka ake narkar da tasar kaka da takobin gado. Abin da aka narkar kuwa ba ya dawowa.

Mai irin waɗannan kaya, kafin ya sayar, ya kai su Gidan Tarihi na titin Ali Akilu a duba masa. Da tsohuwar zuma ake magani.