Wayar Hannu a Hannun Yaro: Darasi Don Ɗalibai da Iyaye

Kafin shekara ta 2001, layukan tarho na NITEL a duk Nijeriya ba su wuce rabin miliyan ba. A watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003. Yau mai sayar da shanu a kasuwar Wudil yakan ji farashin Legas tun bai ɗora dabbobinsa a mota ba. Tambayar da ke gaban iyaye a Dagumawa ita ce: yaushe za a ba yaro waya, kuma bisa wane sharaɗi?

Ra'ayi na fari

Waɗansu iyaye sun ce a hana sam. Tsoronsu yana da dalili, amma hanin yana da tsada. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta. Ɗalibin da bai saba da karatu a allon na'ura ba zai sha wuya ran jarrabawa, ko da ya san amsa. Ban da haka, wanda aka hana a gida yakan ari ta aboki a ɓoye, inda ba mai kwaɓarsa.

Ra'ayi na biyu

Waɗansu kuma sun ce zamani ne, a bar yara. Sai mu duba yadda abin yake aiki. Facebook da TikTok ba su karɓar kuɗin rajista, da talla suke cin riba. Na'urarsu tana auna daɗewar mutum a kan kowane bidiyo, sa'an nan ta kawo masa irinsa don kada ya tashi. Shi ya sa minti goma kan zama awa biyu, barci ya ragu, aikin gida ya kwana. Kamfanonin da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. Ƙasar Ostareliya ta yi doka a 2024 ta ɗaga shi zuwa 16.

Magana kuwa zarar bunu ce. Saƙon da aka tura cikin zauren WhatsApp na aji yana iya kai wa mutum dubu kafin gari ya waye. A 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka sa a TikTok game da gwamnan jihar na lokacin. Haka kuma mutane da yawa sun yi asara sa'ad da MMM ta rufe asusun masu zuba kuɗi a Disamba 2016.

Abin da ya kamata

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga shawara huɗu:

1. A fara da ƙaramar waya ta kira da saƙo. Babba ta jira sai yaro ya nuna hankali.
2. Waya ta kwana a ɗakin iyaye, kada ta shiga wurin cin abinci ko sujadar iyali.
3. Iyaye su san zaurukan da yaro yake ciki. Idan ya kawo ƙarar abin da ya tsorata shi, kada a ƙwace wayar, domin gobe ba zai faɗa ba.
4. Iyaye su fara da kansu. Uban da idonsa ke kan waya har dare ba shi da bakin faɗa.

Ku ɗalibai, kada ku ba kowa lambar sirri ta banki, kada kuma ku tura hoton da ba za ku so mahaifiyarku ta gani ba.

Tambayoyi don nazari

1. Ta yaya kamfanin da ba ya karɓar kuɗin rajista yake samun riba?
2. Wanne cikin ra'ayoyin nan biyu ya fi yawa a gidanku, kuma don me?
3. Rubuta dokoki uku da kai da iyayenka za ku iya yarda da su.