Maganin Ƙasar Da Baƙin Mai Ya Ɓata

Manoman fadama da yawa yanzu suna da injin ban-ruwa. Idan lokacin juyen mai ya yi, sai mutum ya kwance, ya bar baƙin mai ya tsiyaye nan gindin injin. Wurin sai ya yi baƙi ya daskare, ko ciyawa ba ta fita. Dalili kuwa, mai yana toshe ƙasa, ruwa da iska ba su shiga, ga shi da dafi mai kashe saiwa. In an daɗe ana zubarwa har rijiya yakan gangara.

Kada a raina abin nan. A ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas, inda ɗanyen mai ya yi ta malala gonaki, masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun bincika. Cikin 2011 suka ce a wurare da dama mai ya nutse ƙasa har mita 5, gyara kuwa zai ci shekara 25 zuwa 30.

To, amma ɓarna kaɗan ta gona tana da magani. Cikin ƙasa akwai waɗansu ƙananan halittu, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Waɗansunsu mai suke ci, su mai da shi iska da ruwa. Aikin manomi shi ne ya ba su abinci da iska da laima. Ga yadda za a yi.

Da fari a kankare ƙasar da ta jiƙe da mai, a kai ta fako, nesa da rijiya da rafi. A baza ta, kada kaurinta ya wuce kamu ɗaya. A cuɗa ta da takin shanu ko kashin kaji. A riƙa yayyafa ruwa ta yi laima, amma kada ta yi caɓi, gama halittun nan ba su aiki sosai in babu iska. Kowane mako a juya ta da fartanya. Aikin yakan ɗauki watanni, gas kuwa ya fi baƙin mai saurin ƙarewa. Kada a cinna mata wuta, hayaƙin guba ne.

In wari ya tafi, a gwada. A cika tukunya ɗaya da ita, ɗaya da ƙasa mai kyau, a shuka wake cikin duka biyun. In tsiro ya zo daidai, an ci nasara. Duk da haka kada a mai da ita fangalin alayyafo ko latas, domin tsohon baƙin mai yana ɗauke da dalma da waɗansu ƙarafa, su kuwa ba su ciyuwa. A dasa itace a kanta.

Tsofaffin magungunan ƙwari irin su DDT da Gamalin sun fi mai taurin kai, sukan yi shekaru cikin ƙasa. Wanda ya sami tsohon gwangwaninsu kada ya binne, ya sanar da malamin gona.

Rigakafi dai ya fi magani. Ranar juyen mai, tara shi cikin galan, ka rufe. Allah ya ba mu amfani mai albarka, amin.