Digiri na Biyu a Fannin Kafa Kasuwanci: Gwajin da Matashin Daura Zai Yi da Wayarsa Kafin Ya Sayi Fom

Duk wanda ya yi digirin farko a Najeriya cikin shekarun nan ya zauna a ajin koyon kasuwanci, ko da kimiyyar sinadarai ya karanta, domin tun zangon karatu na 2007/2008 hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta wajabta darasin. Abin da yawancin ɗalibai ke iya tunawa da shi bai wuce haɗa sabulun ruwa da haddar takarda ranar jarrabawa ba. Karatun da ake yi a matakin digiri na biyu ba haka yake ba. Yana cin kuɗi, yana cin shekara ɗaya zuwa biyu, don haka ya kamata mai karatu ya san abin da zai saya kafin ya biya.

Hanyoyin shiga

Kwasa-kwasan iri biyu ne. Akwai MBA, wanda aka tsara domin ma'aikata da 'yan kasuwa, galibi kuma a ƙarshen mako ake yin sa. Akwai kuma MSc, wanda bincike ya fi yawa a cikinsa, shi ne hanyar mai son koyarwa ko zarcewa digiri na uku. Wanda ke da HND daga poli yawanci sai ya fara yin PGD, wato babbar diflomar da ke zama gada. Takardar bautar ƙasa ko ta yafewa kuwa, kusan ko'ina sai an nemi ganinta.

Ga mutumin Daura, Kano tana kusa da hannu: ya bi ta Kazaure ya isa Jami'ar Bayero, inda Makarantar Kasuwanci ta Dangote take, wadda aka ƙaddamar da gininta a 2018. Wanda ba zai iya barin shagonsa ba yana da cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mai bayar da MBA ta intanet, ga kuma jami'ar NOUN. A shafin makarantar kaɗai ake cike fom, a can ake ciro lambar biyan kuɗi. Duk wanda ya turo lambar asusunsa ta Facebook ya ce zai samo gurbi, ɗan damfara ne.

Me ake koyarwa?

Ana koyar da lissafin kuɗi, dokokin kamfani, tallace-tallace da hanyoyin neman jari. Amma ƙashin bayan karatun tambaya ɗaya ce: ta yaya mutum zai gane ko dabararsa za ta karɓu tun kafin ta cinye masa kuɗi?

Wata malamar jami'a a Amurka mai suna Saras Sarasvathy ta zaunar da gogaggun masu kafa kamfanoni 27, ta ba su matsala iri ɗaya, ta ce kowa ya riƙa faɗin tunaninsa a fili yayin da yake warware ta. Sakamakon da ta fitar a 2001 ya nuna cewa ba daga dogon hasashen riba suke farawa ba. Suna farawa ne daga abin da ke hannunsu: su waye su, me suka sani, wa suka sani. Sannan sai su tambayi kansu nawa za su iya asara ba tare da sun durƙushe ba. Yaron shagon da ya yi shekaru a gaban ubangidansa kafin a sallame shi da jari ya san wannan tun tuni, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da makaranta ke ƙara masa shi ne rubutawa da aunawa. A 2011 kuma Eric Ries ya fitar da littafinsa The Lean Startup, inda ya ce a fara da mafi ƙanƙantar samfurin da zai iya aiki, a kai wa kwastoma na gaske, a auna abin da ya faru, sannan a gyara.

Misali daga cikin gari

Daura ta samu baƙi. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a watan Disamban shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, ga kwalejin Yusufu Bala Usman da ta riga su. Ɗalibai suna zuwa daga nesa, kuma dole su ci abinci. A ce wani matashi ya ga haka, ya ƙudurta yin manhajar kai abinci ɗakin kwana.

Abin da ya fi sauƙin faruwa shi ne ya shafe wata shida a gaban kwamfuta, ya biya dala 25 ta rajistar Google Play, ya ɗora manhaja mai kyan launi, abokansa su sauke don kunya, bayan mako biyu su goge saboda wayar ta cika. Masu rubuta manhaja sun fi kowa faɗawa wannan rami, don rubutun ya fi musu daɗi a kan tsayawa gaban mai tuwo ana ciniki.

Gwajin da ya dace ba ya buƙatar layi ɗaya na rubutun manhaja. WhatsApp Business ya isa: ya ɗora hotunan abinci da farashi, ya shirya da masu abinci biyu da mai babur ɗaya, ya buɗe littafi ya riƙa rubuta kowace oda har kwana 30.

Yanzu lissafi, kuma alkaluman misali ne kawai, kowa ya sa na garinsu. A ce yana karɓar naira 400 kuɗin kaiwa. Mai babur ya ɗauki 250, kati da leda da cajin tura kuɗi su ci 50. Saura 100. Idan abin da yake kashewa duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ya kai naira 30,000, to sai ya kai oda 300 a wata, wato 10 kullum, kafin ya mayar da kuɗinsa. Bai ci ko sisi ba tukuna.

To amma idan ya ce ƙarfe 1 na rana da ƙarfe 7 na dare kaɗai ake kai abinci fa? Oda huɗu su taru zuwa gida ɗaya, ya karɓi 1,600, ya ba mai babur 500, sauran kashe-kashe 200. Saura 900, maimakon 400 da zai samu in da ɗaya-ɗaya aka kai. Ashe ribar tana cikin tara oda a lokaci guda, abin da manhajar da ya yi niyyar yi tun farko ba ta ma yi tunaninsa ba. Littafin zai kuma tuna masa abin da zumuɗi ke ɓoyewa: makaranta tana hutu, wani lokacin ma yajin aiki, kuma kuɗin haya ba ya hutu.

Wannan lissafin na ribar kowace oda da adadin da ke mayar da uwar kuɗi, shi ne ake faɗaɗawa a ajin digiri na biyu. Wanda ya shiga aji da littafinsa na kwana 30 yana jin darasin a jikinsa. Wanda ya shiga hannu rabbana kuwa, haddar da ya baro a digirin farko zai sake tararwa, sai dai wannan karon ta fi tsada.

Iyaka da jirgin ƙasa

Masarautar Daura tana da abin bincike da makarantun Legas ba su da shi. Ga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, ga iyakar Kwangwalam, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa ta Daura. Mai son kafa harkar jigilar kaya ko ta biyan kuɗi tsakanin naira da sefa yana da fili. Sai dai ya tuna an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulki, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Tsarin kasuwancin da bai amsa tambayar "idan an rufe boda fa?" ba, bai kammalu ba, ko malamin da ya duba shi ya ba shi maki nawa.

Wanda ba shi da digiri

Kafa kamfani ba ya neman kwalin jami'a. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya tak damar yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar CAC. Dokar sabbin kamfanonin fasaha, wato Nigeria Startup Act, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022, shekarun kamfani da irin aikinsa da hannun jarin 'yan ƙasa take dubawa. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba waɗanda ta zaɓa horo da jarin dala 5,000, tana kuma buɗe shafin nema a farkon kowace shekara. Darussan Startup School na Y Combinator kyauta ne, data kawai suke ci.

Digirin yana da ranarsa ga mai son koyarwa, da ma'aikacin da ke neman ƙarin girma, da wanda kasuwancinsa ya girma har lissafin ya fi ƙarfin littafin bashi. Irin wannan mutum, kafin ya biya kuɗin fom, ya je sashen da kansa ya yi tambaya biyu: shin za a bar shi ya rubuta kundin bincikensa a kan kasuwancinsa, kuma a wane ranaku ake shiga aji, don kada su ci karo da ranar kasuwar da yake ci.