Filin Nazari: Mai Tallar Furanni da Farfesan Furuci

A ajin adabi an koya mana cewa ana rubuta wasan kwaikwayo ne domin a aiwatar da shi a kan dandamali. To, wani lokaci akan ɗauki irin wannan wasa a mayar da shi fim. A wannan fitowa za mu nazarci ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara, wato Pygmalion, fim mai baƙi da fari da aka yi a Ingila a 1938. Mun zaɓe shi ne domin tambayar da yake yi ta shafe mu a nan Wurno da Rabah da Goronyo: shin yadda mutum yake furta magana ya isa ya ɗaga darajarsa ko ya zubar da ita?

Asalin wasan

George Bernard Shaw, haifaffen birnin Dublin na ƙasar Ailan, shi ne marubucin wasan. Wasan barkwanci ne mai kashi biyar. An fara nuna shi a birnin Biyana a 1913 cikin Jamusanci, sannan a Landan a 1914. Sunan kuwa daga tatsuniyar Girkawa aka aro shi, ta wani masassaƙi da ya sassaƙa siffar mace, daga baya son abin da hannunsa ya yi ya kama shi.

Anthony Asquith da Leslie Howard ne suka ba da umarnin fim ɗin. Howard ɗin ne ya fito a Farfesa Henry Higgins, Wendy Hiller kuma ta fito a Eliza Doolittle. Shaw ya samu lambar Oscar a 1939 saboda rubutun fim ɗin, alhali yana da lambar Nobel ta adabi ta shekarar 1925. Shi ne mutum na farko da ya haɗa lambobin biyu.

Labarin a taƙaice

Eliza 'yar talakawa ce mai tallar furanni a kasuwar Covent Garden. Tana magana da karin harshen talakawan Landan da ake kira Cockney, wanda manyan gari suke yi wa kallon raini. Higgins masanin ilimin furuci ne. Da jin maganar mutum yakan faɗi unguwar da ya tashi. Ya ci wa abokinsa Kanar Pickering alwashin cewa cikin wata shida zai gyara bakin yarinyar har a ɗauke ta 'yar sarauta.

Gwajin farko an yi shi a gidan mahaifiyar Higgins. Eliza ta furta kowane harafi daram, amma zancen da ta kawo na unguwarsu ne: labarin gwaggonta da take zargin kashe ta aka yi. Nan abin dariyar yake, domin baki ya canza, hirar kuwa tana nan yadda take. Gwaji na biyu a liyafar ofishin jakadanci aka yi shi. Wani tsohon ɗalibin Higgins ya saurare ta, ya yanke hukuncin cewa Ingilishinta ya yi tsabtar da Bature haifaffen Ingila ba ya yin irinsa, don haka gimbiya ce daga ƙasar Hangari.

Da suka koma gida, Higgins da Pickering suka shiga yabon kansu, ba wanda ya ce mata sannu. Ranta ya ɓaci har ta jefi Higgins da takalmansa. Damuwarta ita ce makoma: talla ta fi ƙarfin komawa, kuɗin zama cikin manya kuma ba ta da su.

Abin da fim ya ƙara

Dandamali ɗaki ɗaya ne mai bango uku, kyamara kuwa tana shiga duk inda aka kai ta. A wasan asali ba a nuna liyafar jakadanci ba, labarinta kawai ake ji. Shaw ya rubuta ta sabuwa saboda fim, aka kuma nuna wahalar darussan furuci dare da rana. Sai dai an sauya ƙarshen labari. A wasan, Eliza ta fice ta bar Higgins, har Shaw ya rubuta ƙarin bayani cewa wani saurayi mai suna Freddy ta aura. A fim an dawo da ita ɗakin Higgins, domin masu kallo sun fi son haka. Wannan ƙarshen ne My Fair Lady, fim mai launi da waƙoƙi na 1964, ya bi.

Jigo

Babban jigon shi ne bambancin matsayi tsakanin mutane. Shaw ya nuna cewa abin da manyan Landan suke kira asali, wata shida na koyo da riga mai tsada sun isa su samar da shi. Mahaifin Eliza, Alfred Doolittle mai kwasar shara, ya ƙara fito da jigon. Da farko fam biyar ya karɓa ya bar 'yarsa a hannun Higgins. Daga baya wasiyyar wani attajirin Amurka ta mayar da shi mai kuɗi, sai ga shi yana kukan cewa kowa ya ɗora masa nauyi. Eliza kuma ta bayyana cewa mutuntawar da Pickering ya yi mata tun ranar farko ita ta koya mata ganin girman kanta, fiye da darussan Farfesa.

Ina ruwanmu?

Mu ma muna da karin harshe. Muna cewa munka da sunka inda littafi ya ce muka da suka. Muna cewa hwara da tahi da biyat da wanga, littafi ya ce fara da tafi da biyar da wannan. Daidaitacciyar Hausa, wadda ta fi jingina da Kananci, ita ce ta jarida tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, kuma ita ake nema a takardar WAEC da NECO. Wajibi ne mu ƙware a kanta, da Ingilishi ma, domin maki da gurbin karatu suna rataye da su.

Amma koyon wani baki bai sa namu ya zama abin kunya ba. Da wannan karin na yamma Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta na Hausa, da shi Narambaɗa ya yi waƙoƙin da ake nazari a jami'o'i. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ɗalibin da aka yi wa dariya a aji don ya ce shina maimakon yana, gobe ba zai sake ɗaga hannu ba, kuma ajin ne ya yi asara. Haka yarinyar da ke tallar albasa ko goro a tasha: abin da ya raba ta da mai zama a benci a nan shi ne dama, kamar yadda ya raba Eliza da matan liyafa.

Tambayoyi

1. Wane ne ya fi amfanar Eliza, Higgins ko Pickering? Kawo hujja biyu.
2. Wane ƙarshe ya fi dacewa da jigon, na wasan ko na fim?
3. Rubuta kalmomi goma na Sakkwatanci tare da takwarorinsu na daidaitacciyar Hausa.

A miƙa amsoshi ga sakataren kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa uku mafi kyau a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.