Injin Mayen Ƙarfe Da Yaron Da Tsaransa Suka Wuce Shi

Maigida da uwargida, wannan takarda taku ce, tun ba idan akwai yaro a gidanku wanda tsaransa suka wuce shi ba. Wani ya shekara biyu wuyansa bai tsaya ba. Wani yana tafiya sarai, amma ba ya magana, ba ya duban idon mai kiransa. Mutane sukan ce ɗan ruwa ne, ko iska ta taɓa shi. Ba haka ba ne. Ƙwaƙwalwarsa ce ta sami rauni, ko kuwa ta girma ta wata hanya dabam, kuma ba laifin uwarsa ba ne.

Yanzu labari yana yawo a wayoyin hannu, wai akwai wani inji mai mayen ƙarfe wanda ake ɗora wa irin yaran nan a ka su warke. Kafin ku kai saniya kasuwar Shinkafi saboda wannan labari, ku tsaya ku ji yadda abin yake.

Mene Ne Injin?

Injin gaskiya ne, Turawa suna kiransa TMS a taƙaice. Wani masani mai suna Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna shi a garin Shefil ta Ingila cikin 1985. Ku sani ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ga jiki ne da wata 'yar wutar lantarki marar ƙarfi. To, shi injin yana da waya nannaɗaɗɗiya cikin gida na roba, sau da yawa kamar lamba 8. Akan ɗora ta a kan mutum, a riƙa sako mata wuta a ɗauke da sauri ƙwarai. Kowane sakowa yana haifar da ƙarfi irin na mayen ƙarfe, ya ratsa ƙoƙon kai ba tare da an tsaga ba, ya ta da jijiyoyin da ke sama-saman ƙwaƙwalwa, zurfin misalin inci guda. In aka ɗora daidai wurin da ke mulkin hannu, sai ka ga babban yatsa ya motsa da kansa, mai shi kuwa bai nufa ba.

Lura da wannan da kyau: saurin sakowa da ɗaukewa shi ne aikin. Mayen ƙarfen da ke zaune kurum, irin wanda yara ke cirowa daga tsohuwar rediyo, ba ya yin haka. Saboda haka hula ko awarwaro ko abin wuya na mayen ƙarfe da 'yan talla ke yawo da su ba su gyara ƙwaƙwalwar kowa. Yaro ma in ya haɗiye ƙananan guda biyu, suna iya manne hanjinsa su huda shi.

A Amurka hukuma ta yarda a yi wa manya magani da injin cikin 2008, domin ciwon baƙin ciki mai tsanani wanda ƙwayoyi suka kasa. Cikin 2024 aka ƙara da matasa daga shekara 15, shi ma domin wannan ciwo. Ba zuwa ɗaya ake yi ba, akan je kwana biyar kowane mako har mako huɗu zuwa shida. Yana da ƙara mai ƙarfi, sai an toshe kunne. Yakan sa ciwon kai, jifa-jifa kuma yakan ta da farfaɗiya.

Amma game da yaro mai galahanga, ko mai sandarewar gaɓoɓi tun haihuwa, ko wanda ba ya iya natsuwa wuri ɗaya, har yanzu gwaji ake yi. Yawancin gwaje-gwajen da 'yan yara kaɗan aka yi su, wasu sun nuna ɗan sauƙi, wasu ba su nuna kome ba. Injin ba ya ta da ɓangaren ƙwaƙwalwa da ya riga ya mutu. Duk wanda ya ce muku tabbas zai sa ɗanku ya yi magana, ya faɗi abin da manyan likitocin duniya ba su faɗa ba.

Abin Da Ke Ɓata Ƙwaƙwalwar Yara A Ƙasarmu

Nan ne ikonku yake. Ba ku manta da sanƙarau ba. Annobar da ta faro a Jihar Zamfara a ƙarshen 2016, ƙasar Zurmi tana cikin wuraren farko, ta kwantar da mutum fiye da 14,000 a Nijeriya kafin tsakiyar 2017, fiye da 1,100 suka rasu. Cikin waɗanda suka tashi, wasu sun kurmance, wasu hankalinsu bai koma daidai ba. Cikin 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma sabuwar allura mai tsare iri biyar na ƙwayar ciwon. In masu allura sun zo, ku fito da yara duka.

A 2010 kuma, a ƙasar Anka da Bukkuyum, gubar dalma ta kashe yara wajen 400, domin ana niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, ƙura tana shiga bakinsu. Da yawa cikin waɗanda suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Kada a kawo dutsen ma'adini ko tufafin haƙa inda yara ke rarrafe. Kwallin dutse ma akwai dalma a cikinsa, kada a sa wa jariri.

Sauran kun san su: doguwar naƙuda a gida, zazzaɓin cizon sauro mai sa suma, da shawara. Jaririn da idonsa ya yi rawaya cikin makon farko, ya ƙi nono, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira suna.

In Abin Ya Riga Ya Faru

Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana iya koyon sababbin hanyoyi, abin da ke koya mata kuwa shi ne maimaitawa kullum. Uwargida, kada ki bar shi kwance a ƙuryar ɗaki. Ki zaunar da shi cikin daro, ki tokare shi da tsumma, inda zai ga ana daka ana shara. Ki riƙa yi masa magana, ki faɗi sunan abin da ke hannunki, ko da bai amsa ba. Ki miƙe masa hannu da ƙafa a hankali safe da maraice, ba da ƙarfi ba. In za ki ba shi kunu, a zaune, da kauri, kaɗan-kaɗan, gama ɗura takan sa abinci ya bi hanyar numfashi. Maigida, aikin nan ya fi ƙarfin mace ɗaya, ka sa hannu, ka sa yayyensa su yi wasa da shi.

In yana farfaɗiya, akwai ƙwayoyi masu tsayar da ita ga yara da yawa, muddin ana sha kullum. Sa'ad da ta tashi a kwantar da shi a kan gefensa. Kada a sa masa cokali a baki, kada a kai ƙafarsa wuta.

Ku fara da asibitin da ke kusa da ku, a Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙauran Namoda, a auna jinsa da ganinsa. In da bukata, za a ba ku takarda zuwa Asibitin Tarayya na Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda akwai likitocin yara da masu motsa gaɓoɓi. Mun san wahalar hanya, saboda haka ku roƙi a nuna muku motsin da hannu, ku dawo ku ci gaba a gida.

In kuwa wani ya yi muku tayin injin, ku tambaye shi ko shi likita ne mai rajista, a wane asibiti yake, gwaji ne ko magani tabbatacce. Ku gaya masa in yaron yana farfaɗiya, ko an taɓa sa masa ƙarfe ko na'urar ji a cikin ka. Kada ku biya ko sisi sai likitan yara ya duba yaron tukuna.